Ƙaramin Akwati, Babban Zafi

Duk wanda ke rubutu a Kinkinau ya san bazarar Kaduna. Daga Maris zuwa Afrilu ɗaki mai rufin kwano kan koma tanda. Kwamfuta kuwa in zafi ya ishe ta sai ta kashe kanta, ta tafi da shafukan da aka kwana ana bugawa.

Ɗakina ɗaya ne, littattafai sun cinye rabinsa, saboda haka ƙaramin akwati na nema. Wani ƙanena mai haɗa kwamfuta ya ce, "Yaya, a sa mata mai sanyayawa da ruwa." Aikinsa irin na lagireton mota ne: famfo ya kora ruwa ta kan ƙwaƙwalwar injin, ruwan ya kwashe zafi ya kai lagireto, fanka ta fitar da shi waje.

To, a nan gizo ke saƙa. Allon Mini-ITX santimita 17 ne kowane gefe, kusan ko'ina zai shiga. Amma lagireto mai fanka biyu, wanda ake kira 240, ya ɗara santimita 24 a tsawo, ga kauri, ga bututu biyu da ba sa son lanƙwasa. Da tef ɗin tela na shiga kasuwa, na auna kafin in taya.

Ɗan'uwa marubuci, in rubutu kaɗai kake yi, fanka ma ta wadatar. Nemi akwati mai ƙofofin iska da ragar tare ƙurar hunturu. Kada kyan fenti ya ruɗe ka, littafinka ne a ciki.