Hutun Da Muka Yi A Rido

Mu uku ne 'yan Maraɗi da ke karatu a Kaduna. Hutun Disambar 2023 ya zo, ga iyaka a rufe tun bayan juyin mulkin Nijar, sai wani abokinmu ya ce mu bi shi gidansu a Rido.

Tun kafin a shiga gari matatar mai ke tarbar baƙo, da bututunta da manyan tankuna. A 1980 aka buɗe ta, amma ko hayaƙi ba mu ga tana fitarwa ba, sai hazo. Inna kuwa ta cika mu da tuwon masara.

Da dare muna jin ɗumi, Baba ya dube mu: "Ku ne za a kai wa jirgin ƙasa daga Kano, kilomita 284, kusan dala biliyan 2, mu a bar mu da bashi!" Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce layin Abuja zuwa Rigasa ma sai da aka ranto dala miliyan 500 daga ƙasar Sin.

"Ni dai na tsufa. Ga mai biya nan." Ya nuna autansa ɗan aji 2, wanda barci ya kwashe a kan tabarma.