Gani Ya Kori Ji? Kwamfutar Mota da Kunnen Makanike

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya tashi ne a ƙarƙashin inuwar Fijo. Tun daga 1975, lokacin da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati, motar haya, motar kai amarya. Ta kuma raini makanikai irin nata: mutanen da ke jingina kunne kusa da kabireta, su ɗan murɗa sukuru, su gaya maka abin da ke damun injin tun ba ka gama bayani ba. Irin wannan ilimi a kunne yake da yatsu, kuma yaro yakan gaje shi ne daga maigidansa bayan shekaru yana miƙa sifana.

Motocin da suka cika titin Nnamdi Azikiwe a yau, Corolla da Camry da Accord da sauran tokumbo, ba su da kabiretar da za a murɗa. Kwamfuta ce ke auna iskar da ta shiga injin, ta ƙididdige man da za a fesa, ta tsayar da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan wani abu ya saɓa mata, sai ta kunna 'yar fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba. A Kinkinau, inda nake zaune, na shiga motoci da dama da aka liƙe wannan fitila da baƙin salatif, ko aka manna mata sitika. Mai motar ba sakarai ba ne. Ya kai ta gareji sau biyu ko uku, an canza masa kaya, fitilar ta dawo, sai ya yanke shawarar daina ganinta.

Asalin fitilar ba don mu aka yi ta ba. Hayaƙin motoci ne ya addabi jihar Kalifoniya ta Amurka, hukumar kula da iskarta ta matsa wa masu ƙera motoci lamba su sa kowace mota ta riƙa sa ido a kan hayaƙinta da kanta. Daga 1996 tsarin da ake kira OBD-II ya zama tilas ga motocin da ake sayarwa a Amurka. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu amfani da fetur, sannan 2004 ga masu dizal. Abin da dokar ta haifar shi ne soket guda mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, da harshe guda na lambobi da kowane kamfani zai yi magana da shi. Da yake yawancin tokumbonmu daga waɗannan ƙasashe suke fitowa, mun gaji soket ɗin tare da motar.

Lambobin suna da tsari. Harafin P na injin ne da giya, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U kuma na layin da kwamfutocin motar ke zantawa da juna. Idan sifili ya biyo bayan harafin, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. P0301 na nufin silinda ta farko tana tsallake wuta. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0420 na nufin matatar hayaƙi, wadda makanikanmu ke kira indomi saboda kamannin cikinta, ba ta aikinta yadda ya kamata.

Shekaru biyu ke nan ina ajiye da wata 'yar na'ura a aljihun motata, irin wadda ake kira ELM327. Asalinta na wani kamfani ne a Kanada, amma kwaikwayonta na Cana ne ya cika kasuwa. Ana soka ta a soket, ta haɗu da waya ta Bluetooth, manhaja ta nuna abin da motar ke faɗa. Ƙwararru kuma suna da manya: sikana ta Launch ko Autel, ko kebul da kwamfutar cinya mai ɗauke da manhajar kamfanin motar, kamar Techstream ta Toyota ko Diagbox ta Fijo. Abin da na koya daga wannan ƙaramar aba shi ne, lamba alama ce ta ciwo, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma zazzaɓi yana da iyaye da yawa.

Ɗauki P0171. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Idan na'urar da ke shinshinar hayaƙi a jikin salansa ta ji iskar ta yi yawa, kwamfuta takan ƙara mai don ta cike giɓin, sai abin ya wuce iyaka ta kunna fitila. To me ya jawo? Yana iya zama tiyo ne ya tsage yana shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya. Yana iya zama famfon mai ne ya gaji, ko nozul ya toshe. A lokacin hunturu kuwa, sau da yawa ƙurar da ta lulluɓe ma'aunin iska ce take sa ya riƙa ba da rahoton ƙarya. Lamba ɗaya, dalilai huɗu, kuma kuɗin gyaransu ya bambanta nesa ba kusa ba. Wanda ya ga lambar ya ce a sayo sabuwar na'urar shinshinar hayaƙi, ya kama ɗan aike ne ya bar wanda ya aiko shi.

Na taɓa tsayawa a wani gareji kusa da gida ina kallon yadda aka warware irin wannan. Wani matashi da ya yi difloma ya riƙe sikana, maigidansa, dattijo da ya fara sana'a a kan 504, yana tsaye gefe. Matashin ya ce, “Baba, tana ƙara mai sosai in tana tsaye, amma da an taka totur sai ta daidaita.” Dattijon bai ko dubi allon ba. Ya ce, “To iska take sha, yaro. Kashe rediyon nan.” Ya sunkuya, ya bi wani siririn sauti har bayan injin, ya ciro guntun tiyo da ya bushe ya tsage. Allon ne ya taƙaita wurin nema, kunne kuma ya gano ramin. Da ɗayansu ne kaɗai a wurin, da mai motar ya koma gida da kayan da bai buƙata.

Sikana tana kuma tona wasu al'adun gyara da muka daɗe muna ɗauka hikima ce. An saba cire tamostat da zarar mota ta iso, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Amma kwamfuta tana ba injin mai sanyi ƙarin mai, kamar yadda cok yake yi a da. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90, yakan daɗe yana shan mai fiye da ƙima. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur, ana iya kawar da kai daga wannan asara. Yanzu kowace lita tana da lissafi a gidan ma'aikaci.

Haka nan kebul ɗin da ke karantawa yana iya gogewa, kuma nan ne amana take shigowa. Goge lamba aikin daƙiƙa biyar ne: fitila ta mutu, mai mota ya biya ya tafi da farin ciki, bayan kwana uku ta dawo. Mai sayar da mota ma yana iya yin haka da safen ranar ciniki. Sai dai motar tana da shaida. Duk lokacin da aka goge, gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta suna komawa matsayin waɗanda ba a kammala ba, sai an yi tafiya mai ɗan nisa kafin su cika. Mai sayen da ya ga haka a allo ya san an yi shara kwanan nan, yana da damar tambayar abin da aka share.

Mataki na gaba shi ne rubutawa, wato sake tsara jadawalin da kwamfuta ke bi wajen ba da mai da wuta. A Turai masu son gudu ne suka fi yin haka. A nan buƙatar daban ce. Wani an sace masa indomi, ko an cire an sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki irin su filatinam, sai ya nemi a rufe bakin P0420 a cikin manhaja. Fitila ta yi shiru, hayaƙin kuma yana nan, 'ya'yanmu da masu talla a bakin titi suna shaƙa. Duniya ta ga babban misalin wannan a Satumbar 2015, da aka gano Volkswagen ta sa wa motocinta na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi. Rubutun kansa yana da haɗari: idan batir ya yi rauni ana tsakiyar aiki, ƙwaƙwalwar motar tana iya mutuwa gaba ɗaya.

Akwai kuma rubutun da ya zama dole. Masu mayar da motocinsu zuwa gas na CNG, waɗanda suka ƙaru tun bayan cire tallafi, ana ɗora musu wata ƙaramar kwamfuta ta biyu, kuma da kebul da kwamfutar cinya ake daidaita ta da ta asali. In aka yi saitin da ka, gas ya gaza, injin yakan yi zafi a ciki har bawul ya ƙone, mai motar kuma ya ɗora wa gas laifin.

Saboda haka abin da nake roƙon mai karatu kaɗan ne. Idan an sa wa motarka sikana, ka nemi a nuna maka lambar, ka ɗauki hotonta kafin a goge. Ka tambayi gwajin da aka yi kafin a ce kaza ne ya lalace. Idan fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, ka nemi wuri ka tsaya, domin ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa yana cinye indomi.

Babban aikin kuwa yana kan masu horar da yara. Kaduna tana da Panteka, inda hannu ya ƙware a kan ƙarfe tun shekaru da dama, tana da Kaduna Polytechnic a Tudun Wada, kusan kafaɗa da kafaɗa. Yaron gareji da ba ya iya karanta allo zai wayi gari yana canza mai da taya kawai. Mai difloman da bai taɓa ƙona yatsa a jikin injin ba zai ƙare yana karanta wa mutane lambobi yana tura su kasuwa. Dattawan da suka koyi sana'a a kan 504 suna raguwa kowace shekara, kuma abin da ke kunnensu ba a rubuce yake a kowace manhaja ba. Lokacin da ya rage na zaunar da su kusa da masu riƙe da sikana ba shi da yawa.