Taku Ɗari Biyu Zuwa Masallaci

Tsakanin ƙofar gidansa da masallacin unguwa bai fi taku ɗari biyu ba, amma a shekarar da ya cika 68 sai ya zauna sau biyu a hanya kafin ya isa. Ƙafafunsa kan yi nauyi, zugi ya sauko daga ƙugu har zuwa sawu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, da zarar ya yi ruku'u ciwon yakan lafa, tsayuwa ce ke dawo da shi. Tsohon malamin makaranta ne, ya saba neman dalili.

Hoton MRI ya ba shi amsa. A ƙugu akwai ƙasusuwa biyar, ta cikinsu rami ya ratsa wanda jijiyoyin ƙafa ke bi. Da shekaru, gaɓoɓin kan yi kauri, faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya bulluƙo, igiyar naman da ke bayan ramin ta kumbura, sai hanya ta tsuke. Nasa ya tsuke ne tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar, inda abin ya fi aukuwa. Sunkuyawa na buɗe ramin kaɗan, miƙewa na ƙara matse shi. Wani likitan Holan, Henk Verbiest, ya bayyana wannan ciwo a 1954.

Ya yi watanni yana gashi da motsa jiki da shan magani, tafiyarsa na ƙara raguwa. Tsoronsa tiyata, domin ya sha jin cewa wanda aka taɓa wa baya ba ya tashi.

Likita ya zana masa hanyoyi biyu. A tsohuwar hanya akan tsaga baya, a ɗaye tsoka, a cire ɓangaren ƙashi. A sabuwar, wadda likitocin Jamus da Koriya ta Kudu suka bunƙasa, ana yin ƙofa kamar santimita ɗaya, a zura siririn bututu mai kyamara, ruwan gishiri na gudana yana wanke wurin. Likita na kallon allo, yana kankare ƙashin da ya yi yawa, yana cire naman da ya danne jijiya. Tsoka ba ta wahala sosai, jini kaɗan ke zuba.

Bai ɓoye masa haɗarin ba: rigar da ta lulluɓe jijiyoyi na iya yagewa, jini na iya taruwa, kuma wanda ƙashinsa ya goce yana motsi kan buƙaci a haɗe ƙasusuwan da ƙarfe.

"Baba, idan ka bari, me zai rage maka?" in ji 'yarsa. Ya yi shiru, ya tuna sallar asuba da ya koma yi a ɗaki.

Washegarin aikin ya taka da ƙafarsa. Babban yatsansa na hagu har yau bai dawo da ji sosai ba, don jijiyar da ta daɗe a matse ba ta cika warkewa duka. Amma bayan mako shida ya isa masallaci bai zauna a hanya ba, ya samu sahun farko.