Daga Gyadi-Gyadi Zuwa Tarauni A Ƙasa

Ran Asabar ɗin da ta wuce, tun da shi ke ba makaranta, na tafi in duba wani fili da ƙanen matata ya ke so ya saya a wajejen Tarauni. An kwana ana ruwa. Na sauka a Titin Zariya, daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na ce bari in taka sauran da ƙafa, gama mai tafiya a ƙasa ya kan ga abin da na cikin mota ba ya gani.

Dattawan Gyadi-Gyadi su kan ce a ƙuruciyarsu gonaki ne su ka kewaye su, in mutum zai shiga cikin ganuwa sai ya ce za shi birni. Hukuma kuwa ta san birnin zai iso nan. Wani Bature mai suna Trevallion ya shirya wa Kano da kewayenta tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, ya nuna inda hanyoyi da gidaje da masana'antu za su zauna. Amma ba a yi nisa ba Kano ta zama hedkwatar jiha a 1967, ma'aikata da 'yan kasuwa su ka yi ta kwararowa. An kafa asibitin a 1988. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 221,000 a Ƙaramar Hukumar Tarauni, cikin murabba'in kilomita 28 kacal. Wa'adin tsarin nan ya ƙare tun fiye da shekara 40, mutane kuwa ba su daina zuwa ba.

Ga abin da ƙafata ta koya mini. A Court Road da rukunin gidajen Kundila, inda aka fid da titi da kwata kafin a aza tubali, ruwan daren ya riga ya wuce, yara na wasa a busasshiyar ƙasa. Da na kutsa cikin lungunan baya, sai na naɗe wando. A wani wuri mai kurar ruwa da mai babur sun yi karo, ba wanda zai iya kauce wa wani, su na ta cacar baki. Na tsaya ina tunani, in gobara ta tashi a nan, ko mace ta fara naƙuda da tsakar dare, ta ina mota za ta shigo?

Irin wannan yanka fili shi ne mutanen Kano ke kira awon igiya. Mai gona ya kawo igiya, ya yanka gonarsa filoti filoti, kuma kowane taku da ya bar wa hanya hasara ce gare shi. Makaranta fa? Wurin shan magani? Wannan sai wanda ya zo daga baya ya nema. Ni da na ke fama da yara cunkushe a aji ɗaya, na san inda abin ke ƙarewa.

Filin da na je gani ya na da araha ƙwarai, na kuwa gane dalili. Na auna hanyar gabansa, taku huɗu ce. Wata tsohuwa a maƙwabta ta ce mini dā kududdufi ne, da shara aka cike shi. To, ruwan da ya saba kwana a nan, ina za shi in ba ɗakin mai gida ba?

Na tambayi dillalin takarda. Ya nuna mini ta ciniki, da sa hannun shaidu. Mai karatu ya sani, tun Dokar Filaye ta 1978 ƙasar birni ta na hannun gwamna ne, takardar shaidar mallaka daga gwamnati ta ke fitowa, zanen gini kuma sai hukumar tsara birane, wato KNUPDA, ta amince da shi. Dillalin ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai kowa haka ya gina."

Da yamma na gaya wa surukina ya dakata, mu fara kai lambar filin ofishin filaye a duba taswira. Bai ji daɗi ba, gama shekara shida ya yi ya na tara kuɗin, mai gidan haya kuma ya sake ƙara masa. Ya dai yarda za mu tafi tare ran Litinin bayan an tashi daga makaranta.