Garin Da Ake Tsallaka Iyaka Saboda Haƙori

A shekarata ta huɗu a birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka, wani haƙorina na tauna ya tayar mini da hankali. Da farko na yi abin da aka saba a gida: na danna kanumfari a kogon, na kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, na ce gobe ma rana ce. Da kuncina ya kumbura, barci ya gagara, sai na kai kaina wurin likita. Ya ɗauki hoto, ya ce jijiyar ta ruɓe, sai an cire ta, an wanke ramin an cike, sannan a yi wa haƙorin hula. Kafin in gama kurkure baki, ma'aikaciyarsa ta miƙo mini takarda: dala 2,900. Nan take ciwon ya tashi daga baki ya koma zuciya.

Ina da inshorar lafiya ta wurin aiki, amma a Amurka, in ana batun inshora, kai ka ce haƙori ba a jikin mutum yake ba. Nasa tsarin daban ne, da kuɗinsa daban, kuma galibi abin da yake biya a shekara bai wuce dala 1,000 zuwa 2,000 ba. Ni kuwa ban ma saye shi ba, saboda lissafin haya da saƙon gida. Hatta Medicare, shirin gwamnatin tarayya da ke kula da lafiyar tsofaffi tun 1965, ba ya biyan cikon haƙori ko cirewa na yau da kullum. A 2007, a jihar Meriland, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Deamonte Driver ya rasu bayan ruɓar haƙori ta kai ga ƙwaƙwalwarsa, lamarin da ya girgiza ƙasar.

Wani dattijon Bature da muke aiki tare ya ga ina tauna da gefe ɗaya. Ya yi murmushi, ya rubuta mini suna a takarda: Los Algodones. Ya ce, "Je ka can, duk haƙoran nan nawa can aka yi su."

Na yi sammako na kama hanya. Tafiyar kimanin awa uku ce a cikin hamada, rairayi da duwatsu tsirara, har sai da na kusa garin Yuma, inda ruwan kogin Kolorado ya mayar da busasshiyar ƙasa gonakin latas kore shar. Kaɗan gaba da Yuma, a mashigar Andrade ta jihar Kaliforniya, akwai wani makeken filin ajiye motoci na ƙabilar Kechan, ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar. Nan na bar motata, na bi ayarin tsofaffi, wasu da sanda, wasu a keken guragu, muka taka da ƙafa zuwa ƙasar Meziko.

Sunan garin da harshen Sifaniyanci yana nufin auduga, amma Amurkawa sun yi masa laƙabi da birnin haƙoran tauna. Ƙaramin gari ne a can ƙuryar arewacin Meziko, sai dai a 'yan layuka kaɗan likitocin haƙori ɗaruruwa ne, kafaɗa da kafaɗa da shagunan tabarau da na magani. Kana sa ƙafa 'yan kamasho za su yi maka caa, kowa da katinsa, kowa yana rantsuwa likitansa ya fi, tamkar ka sauka a tashar mota. Lokacin sanyi ne kasuwar ke ci, sa'ad da tsofaffin Kanada da arewacin Amurka ke gudo wa ƙanƙara su yi zango a Arizona.

A ɗakin jira na zauna tsakanin wani tsohon direban babbar mota da wata malamar makaranta mai ritaya. Mutane ne da suka ƙarar da ƙarfinsu a ƙasar da ta fi kowace tattalin arziki, ga su a ƙasar maƙwabta suna neman abin da za su tauna abinci da shi. Aikin da aka ce mini dala 2,900, nan aka yi shi a kan 750. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: haya da albashi ba su kai na Amurka ba, likita bai fito makaranta da tulin bashi irin na takwaransa ba, masu ƙera hular haƙori kuma suna bayan layi. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sau biyu na yi wannan tafiya, kuma na san in aikin ya ɓaci da tsakar dare, likitana yana wata ƙasa. Akwai ƙwararru a garin, akwai kuma waɗanda aikinsu ke tuna wa mutum cewa araha ba ta ado.

Da yamma na shiga layin komawa, leɓena a sandare, fasfo da katin izinin zama a hannu. A layin nan ne wani ɗan'uwanmu ya faɗo mini a rai, mutumin Damagaram, mai wankin kwanuka a wani gidan abinci, wanda bizarsa ta ƙare tuntuni. Wata uku yana fama da ciwo irin nawa. Da na ba shi labarin garin, sai ya ce, "Malam, ai ni in na fita, na fita ke nan." Ƙofar arahar a buɗe take ga mai takarda, a rufe take ga wanda ya fi kowa bukatarta. Daga baya muka yi masa karo-karo bayan sallar Juma'a, aka cire haƙorin, domin cirewa ta fi gyara sauƙin kuɗi. Yanzu in zai yi dariya sai ya kai hannu baki.

A da, alhazanmu kan dawo da haƙorin Makka, mutum ya yi murmushi a san ya je ya dawo. Yau wasu 'ya'yanmu da giɓi suke dawowa daga Turai da Amurka, kuma ba su faɗin dalili.

Saboda haka, ga mai shirin tafiya karatu ko neman abinci: kafin ka ɗaure kaya, ka je wurin likitan haƙori a duba bakinka, a cike abin cikewa tun kuɗin yana naira ko sefa. In ka isa, ka tambayi ko inshorarka ta haɗa da haƙori kafin ranar bukata, kuma kada ka raina asuwaki da buroshi. Ku kuma 'yan'uwa na gida, in na waje ya ce wannan watan saƙo ba zai samu ba, a yi masa uzuri. Mai yiwuwa da gefe ɗaya yake tauna.