Motata ta Farko da Abin da Ta Koya Mini

Tun ina yaro nake son babbar mota, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Mun tashi a zamanin da Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ita ce motar ma'aikacin gwamnati, Marsandi kuwa sai alhazan birni da manyan 'yan kasuwa. Da na girma na kama aiki a Kano, na tara abin da ya sawwaƙa, abokai suka ce in fara da ƙaramar Corolla kamar kowa. Shawara ce ta gaskiya, amma ina da dalilina. Mahaifiyata na fama da ciwon baya, kuma duk ranar da za mu asibiti ko garinmu, ina kallon yadda take cije leɓe idan motar haya ta faɗa rami. Ina son motar da za ta zauna a baya ta miƙe ƙafa. Bayan wannan, ina son a gan ni cikin abu mai kyau. Duka biyun suna raina, kuma da su na shiga neman mota.

Kawuna, wanda ya yi shekara da shekaru yana jan mota, shi ya hana ni fara zuwa wurin dillalai. Ya tura ni garejin wani dattijon bakanike kusa da Kofar Ruwa. Na zayyana masa motocin da nake sha'awa, ya saurara har na gama, sannan ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Malam, ban tambaye ka nawa gare ka ba. Nawa za ka iya kashe mata duk wata ba tare da an rage cefane a gidanka ba?" Na yi shiru. Ya ce, "Sayen doki ba shi ne aiki ba, harawa da dawar kullum su ne aiki."

Sai ya ba ni aikin da har gobe nake gode masa a kai. Ya ce in rubuta kaya huɗu a takarda: shokoziba, fitilar gaba, famfon ruwa da takalmin birki. In shiga kasuwa shago-shago in tambayi kuɗinsu na kowace motar da nake so. Abin da na gano ya fi farashi muhimmanci. Kayan wata motar suna kan kanta a kusan kowane shago. Na wata, sai a ce in ba da kuɗi a aiko daga Ladipo a Legas. Na wata kuma, mai shago ya girgiza kai ya ce sai an yi oda daga waje. A ranar na gane cewa ingancin mota a ƙasarmu ba a masana'anta kaɗai ake auna shi ba. Ana auna shi da tambayar: idan ta tsaya maka tsakanin Zariya da Funtua, akwai wanda ya san cikinta, kuma akwai abin da zai saka mata?

Wannan tambaya ce ta kai ni ga Lexus ES 350, ƙirar da aka yi tsakanin 2007 da 2012. Kamfanin Toyota ne ya kafa Lexus a 1989 don masu son jin daɗi, kuma wannan ƙirar ta ES ƙashin bayanta ɗaya da Camry ɗin da 'yan kasuwa ke kira Muscle. Injinta mai silinda shida, lita 3.5, wanda ake kira 2GR-FE, shi ne a cikin Avalon da Highlander da Sienna. Wato duk bakaniken da ya saba da waɗannan ya san hanyarsa a cikinta. Injin na amfani da sarƙa ne maimakon bel ɗin da sai an riƙa canzawa lokaci-lokaci. A ciki kuwa ga kujerun fata, ga sanyi, ga shiru, har kana jin numfashin wanda ke kusa da kai.

Ba na kushe motocin Jamus. Tsofaffin Marsandi irin V-boot har yau suna kan titunanmu, kuma wannan shaida ce babba. Amma manyan motocin Turai na baya-bayan nan, musamman masu shokoziba ta iska da tarin na'urorin lantarki, suna son mai aljihu mai zurfi da ƙwararren da ya karance su. Wanda ke da waɗannan biyun zai more su. Ni a lokacin ba ni da ko ɗaya, kuma na san haka.

Zaɓen iri shi ne rabin aiki mai sauƙi. Mai wuyar shi ne zaɓen ita kanta motar, domin biyu masu shekara ɗaya da launi ɗaya, ɗaya na iya zama alheri, ɗaya ta zama jarrabawa. Motocin hannu da ake shigo da su muna kiran su 'yan Beljiyam, amma irin wannan mota yawanci daga Amurka take zuwa, kuma da yawa daga wuraren gwanjo irin Copart, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Bayan guguwar Sandy a 2012 da ta Harvey a 2017, dubun dubatar motoci sun nutse, kuma ba duka aka farfasa ba. Kowace mota tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Da ita ake neman tarihin motar a intanet, wani lokaci har da hotunanta ranar da aka yi gwanjonta. Dillalin da ya hana ka ɗaukar hoton wannan lamba ya riga ya ba ka amsa.

Na koyi duba mota ne ta hanyar tsayawa a bayan dattijon nan ina kallo. Ba ya yarda a kai shi wurin mota da rana tsaka, sai da sassafe kafin a tayar da ita, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙararsa ko hayaƙinsa. Wata rana muka je ganin wata baƙa mai sheƙi, wadda na ji zuciyata ta kwanta da ita tun daga nesa. Bai ko kalli fentin ba. Ya durƙusa ya ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera, ya shafa, ya nuna mini yatsansa: wata laka ce mai laushi, busasshiya. Ya haska ƙusoshin da suka riƙe kujera, duk sun yi tsatsa. Ya miƙe ya ce wa dillalin, "Allah ya ba da kasuwa," muka fita. A hanya ya ce mini, "Wadda ta sha ruwa ba ta nuna ciwonta yau. Wayoyinta ne za su riƙa ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, har ka gaji."

Wadda muka saya daga baya, ya yi mata fiye da haka. Ya bi jikinta da ɗan maganaɗisu, domin inda aka cike da fila ba ya kamawa. Ya kunna ta ba tare da tayar da inji ba, ya tabbatar fitilun gargaɗi duka sun kawo, sannan ya tayar da ita ya ga sun ɗauke, don akwai masu cire ƙwan fitilar jakar iska ko su rufe ta. Ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa ko akwai daskararren datti. Ya kwatanta cinyewar robar birki da sitiyari da tafiyar da agogo ya nuna, saboda agogo ana iya mai da shi baya, sawun ƙafar direba kuwa ba ya goguwa. Ya shiga ƙarƙashi ya duba ko abin tace hayaƙin salansa, wanda bakanikai ke kira indomi, yana nan ba a sace ba. Ya jona kwamfuta ya karanta, sannan muka hau titi ya saurari yadda giya ke shiga, da sanyi da kuma bayan ta yi zafi. Ba a cinikin biri a sama.

Takardu kuma ban yi wasa da su ba. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mota mai araha fiye da kima sau da yawa matsalarta na cikin takardun kwastam. Na tabbatar lambar da ke jikin motar ita ce a takarda, na je aka tantance mini biyan harajinta, muka rubuta yarjejeniya gaban shaidu kafin kuɗi su bar hannuna.

Ban kashe duk abin da na tara ba. Na ware kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma a makon farko suka fara aiki: juyen baƙin mai, ruwan lagireto na asali maimakon ruwan famfo, da sababbin tayoyi, domin alƙaluma huɗun da ke gefen taya, masu nuna mako da shekarar ƙira, sun nuna tsofaffi ne ko da yake zanensu bai cinye ba. Da wani ya ba ni shawarar a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye saboda zafin Kano, dattijon ya ce kada in kuskura. Na bi maganarsa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin inji. Motar ta kusa mita biyar a tsayi, kuma ƙasa take. Sabon direba a cikin lungunan birni, tsakanin 'yan adaidaita sahu da kwatoci, yana bukatar haƙuri. Na riƙa fita bayan sallar asuba, titi babu kowa, ina koyon kwana da baya da ajiyewa har hannuna ya faɗa. Da damina na koyi juyawa idan na ga ruwa ya kwanta a hanya, ko da za a yi mini ham daga baya.

Gwaji mafi girma ya zo ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin mai. Tankin motata lita 70 ne. Da, bai kai naira 14,000 in cika shi ba. Zuwa ƙarshen 2024, da lita ta haura naira 1,000, cika shi ya kai mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar, naira 70,000. Na zauna na yi lissafi da iyalina. Muka rage fita, na koma hawan abin haya zuwa aiki a wasu ranakun, motar ta zama ta asibiti da tafiye-tafiye da hidimar gida. Abin da ya ba ni damar riƙe ta shi ne ba ta haɗa mini da kuɗin gyara ba. Na san waɗanda mai da gyara suka taru musu lokaci guda, motocinsu na nan a ƙofar gida an lulluɓe.

Na kuma koyi cewa babbar mota tana magana da yawunka ko ba ka so. 'Yan uwa kan ɗauka ka samu, buƙatu su ƙaru. A kasuwa a kan yi maka farashi da ganin abin da ka fito daga ciki. Dole na koyi faɗin gaskiyar halina cikin ladabi: wannan zan iya, wannan ba zan iya ba.

Yau idan wani ƙane ya zo mini da irin burina, ba na kashe masa gwiwa, domin son abu mai kyau ba laifi ba ne, kuma na ga amfaninsa a fuskar mahaifiyata. Nakan ce masa ya nemi bakanike mai amana kafin ya nemi dillali, ya zaga kasuwar kayan gyara kafin ya zaga wurin masu sayar da motoci, ya binciki tarihi da takardu, ya bar kuɗi a baya. Idan ya yi lissafin nan da gaskiya ya ga bai fita ba, ya sayi ƙarama ya hau da farin ciki, babbar tana nan tana jiran lokacinta. Mutuncin mai mota yana cikin kai iyalinsa inda za su lafiya, ya dawo gida babu wanda ke bin sa bashi.