Lakar Birnin Ur da Tambayar Ruwan Ɗufana

A shekarar 1929, masanin tono kayan tarihi ɗan Ingila, Leonard Woolley, yana haƙa a kufan tsohon birnin Ur da ke kudancin Iraƙi, sai ma'aikatansa suka tarar da tsagwaron laka mai kaurin kusan mita 3, ko tsingaro babu a cikinta. Da suka zarce ƙasa, sai ga tukwane da kayan aiki na mutanen da suka rayu kafin lakar ta kwanta. Woolley ya yi shelar cewa ya gano sawun Ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu, jaridun duniya kuma suka ɗauka.

Murnar ba ta daɗe ba. Wasu ramukan da aka haƙa a Ur ɗin kanta ba su nuna lakar ba, birnin Eridu da ke maƙwabtaka kuma ba a same ta a cikinsa ba. An ga irinta a Kish da Shuruppak, amma zamaninsu ya sha bamban. Ta Shuruppak ta kwanta ne wajen shekara ta 2900 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da ƙasa ta adana shi ne tarihin ambaliya daban-daban da kogunan Dijla da Furat suka riƙa yi a shimfiɗaɗɗen fili marar tudun da za a fake.

Mutanen yankin ba su manta ba. Tun a 1872 George Smith ya karanta wani allon yumɓu a gidan tarihi na Birtaniya, ya tarar da labarin Utnapishtim, wanda ya sassaƙa jirgi, ya ɗebi iyalinsa da dabbobi, jirgin ya tsaya a kan dutse.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun cewa ruwan ya rufe duniya baki ɗaya. Kafin ruwa ya shanye dutsen Everest mai tsayin mita 8,849, sai an ƙara kusan ninki uku na duk ruwan tekunan duniya. Danshin da ke sararin sama kuwa, ko da zai zubo gaba ɗaya, zurfinsa ba zai wuce santimita 3 ba. Ƙanƙarar Antatika ta adana tarihin shekaru 800,000 hawa-hawa, babu inda ta nuna teku ta taɓa haye ta. Ko Adam Sedgwick, limamin coci kuma masanin duwatsu a Jami'ar Kambirij, wanda ya daɗe yana kare wannan ra'ayi, ya janye shi a bainar jama'a a 1831.

Duk da haka, ilimin ƙasa ya tabbatar da cewa ɗan Adam ya ga ruwa ya cinye duniyarsa. Bayan zamanin ƙanƙara na ƙarshe, teku ta taso da kimanin mita 120. Tekun Fasha, wadda a da kwari ce busasshiya da koguna ke ratsawa, a lokacin ta cika.

Saura kuma nassi. Alƙur'ani ya ce an aiko Annabi Nuhu zuwa ga mutanensa, jirgin kuma ya sauka a kan Judi; Littafin Farawa ya ambaci duwatsun Ararat. Galibin magabata sun fahimci cewa ruwan ya game duniya. Sai dai kalmar da ake fassarawa da “ƙasa”, a Larabci da Ibrananci, tana ɗaukar ma'anar duniya, tana kuma ɗaukar ma'anar yanki, kamar yadda Bahaushe ke cewa ƙasar Kano. Shi ya sa wasu masu tafsiri na baya-bayan nan suka tafi a kan cewa ruwan ya halaka al'ummar da aka yi wa gargaɗi ne a inda take zaune.

Mai imanin da ya yi karatun zamani ba sai ya ƙaryata ma'aunin duwatsu ba, ba sai ya saki littafinsa ba. Abin da ke kansa shi ne ya rarrabe abin da nassi ya faɗa da abin da aka saba ɗora masa. Woolley ya yi gaggawa don yana son laka ta yi masa shaida, kuma wannan gaggawar ce ta fi kamata a guje wa.